Wata Uku Da Suka Hana Yarona Tafiya

A wannan mako zan jingine maganar siyasa da ta tsadar kayan masarufi, waɗanda muka saba tattaunawa a wannan fili, in kawo muku wani al'amari da ya auku a gidana, wanda ya hana ni barci har kwana uku. Ba ɗabi'ata ba ce in shanya kayan ɗakina a bakin hanya, amma da na duba sai na ga abin da ya same ni yana samun iyaye da yawa a ƙasar nan, sai dai kowa yakan yi abinsa ya kama bakinsa.

Ina zaune ne a Tungan Maje, wani gari cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Zuba ta nufi Lakwaja. Da yawa daga cikinmu mazauna nan a birnin Abuja muke aiki, tsadar haya ce ta koro mu. Yaranmu kuwa ba su san wani wasa ba sai ƙwallon ƙafa, kamar dai sauran yaran Nijeriya. Saboda haka na yi mamaki ƙwarai, shekara biyu da suka wuce, sa'ad da babban yarona, wanda kunya ta hana ni kama sunansa, ya dawo daga makaranta ya ce wai wani malamin wasanni ya zaɓe shi, yana so ya riƙa zuwa cikin birni ran Asabar yana koyon wasan besbol. Na ce, "Wasan me?" Ya maimaita. Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce ita dai in ba a ci da shi, kada a kawo mata shi gida.

Tun da yake na san yawancin masu karatu ba su taɓa ganin wasan ba, bari in ɗan yi bayaninsa yadda na fahimta bayan zaman shekara biyu a gefen fili. Wasu suna ce masa ƙwallon gora, ko da yake wannan suna 'yan hoki sun riga su. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. A filin akwai zango huɗu, an jera su kusurwa-kusurwa, na huɗun shi ake kira gida. Mai jifa yakan tsaya a tsakiya ya wurgo ƙwallo, ɗan ɗaya ƙungiyar kuma yana tsaye a gida riƙe da kulki yana jira, a bayansa ga mai cafka a tsugune, fuskarsa cikin ragar ƙarfe. In mai kulki ya sami ƙwallon ya maka, sai ya yar da kulkin ya sheƙa zuwa zango na farko, kafin abokan hamayya su tsinto ƙwallon su riga shi kai shi can. Wanda ya zagaye zangunan duka ya komo gida lafiya, ya ci wa ƙungiyarsa ɗaya. Wanda ya kai duka ya kuskure sau uku, ya fita. In mutum uku suka fita, sai a yi musanya, masu duka su koma tsaron fili. Manya sukan yi haka zagaye tara, yara kuwa shida. Tsakanin zango da zango ƙafa 90 ne ga manya, ƙafa 60 ga yara. Shi kuwa ƙwallon, wanda bai taɓa riƙe shi ba ya ɗauki goriba ya auna, ya ɗan fi ta girma amma taurin kusan ɗaya ne. Zare ne aka naɗe tam a kan ɗan dunƙule, aka rufe da fata, aka ɗinke da jan zare ɗinki 108, nauyinsa wajen giram 145. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana ta tauri, domin za mu komo kanta.

Wasan ba baƙo ba ne sarai a ƙasar nan, ko da yake ba a jin ɗuriyarsa. A wasannin ƙasashen Afirka da aka yi a Johannesburg cikin shekarar 1999, da waɗanda aka yi a Abuja cikin 2003, Nijeriya ce ta zo ta biyu a besbol, Afirka ta Kudu na gabanta. Sa'ad da aka gina babban filin wasa na Abuja domin wasannin 2003, wanda aka raɗa wa sunan Moshood Abiola a 2019, har da filin besbol aka yi a harabarsa. Amma tushen wasan yara irin wanda yarona ya shiga yana Amurka ne. Wani mutum mai suna Carl Stotz ya kafa ƙungiyar da ake kira Little League cikin 1939 a garin Williamsport na Jihar Pennsylvania, da ƙungiyoyin yara uku kacal. Tun 1947 aka fara gasar shekara-shekara a can, wadda daga baya ta zama ta duniya, ana yin ta cikin watan Agusta.

To, na yarda, ban kuwa san abin da na ɗauko wa kaina ba. Ran Asabar, ranar da ma'aikaci ke ɗan miƙe ƙafa, da an idar da sallar asuba muke fita bakin titi, mu sami mota zuwa mahaɗar Giri, daga nan mu kama wata ta hanyar filin jirgin sama, mu wuce Lugbe, mu shiga birni. Wata rana kuma mu bi ta Zuba da Kubwa, in can motar ta fi sauƙi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa ya isa cefanen yini, uwargida kuwa ba ta taɓa bari na manta da wannan lissafi ba. Ga kuma makarantar Islamiyya, wadda ita ma ran Asabar da safe ake yi. Sai da na je na durƙusa gaban malaminsu, ya yarda yaron ya riƙa biyan karatunsa da yamma, bisa sharaɗin ran da hadda ta yi rauni, ran nan wasa ya ƙare.

Sa'an nan ga maganar safar hannu, watau wata ƙatuwar safar fata da ake cafke ƙwallo da ita. Yaron nan bahago ne. Tun yana ƙarami kakarsa ta yi fama da shi har ta gaji, cin abinci kaɗai ta iya komar da shi dama. Ashe a wannan wasa bahago abin nema ne, domin masu duka ba su saba da jifan hagu ba, abin da ya sa malamin ya ƙyalla ido a kansa ke nan. Amma fa bahago a hannun dama yake sa safa, irin tasa kuwa ba ta cika samuwa ba. Na yi sawu uku wajen 'yan gwanjo a kasuwar Karmo kafin Allah ya haɗa ni da guda, tsohuwa, igiyoyinta duk sun tsinke. Mai sayarwa bai ma san ko ta mece ce ba, ya ce yana tsammani ta masu walda ce. Wani baduku a bakin tasharmu ya ɗinke mana ita da tsirkiyar fata, yana yi yana dariya.

A gefen fili mu iyaye ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Da fari ban san inda ake tafi da inda ake shiru ba, har akwai ran da na miƙe ina tafi da ƙarfi alhali kuwa yarona aka fitar. Bai yi mini magana ba har muka wuce Lugbe. Wata rana kuma ina ganin yana jifa, hannunsa ya faɗa, masu duka sai kuskure suke, sai mai horaswa ya ɗaga hannu ya ce ya isa, ya sa wani. Raina ya ɓaci, na same shi bayan an tashi. Mutumin ya saurare ni har na gama, kana ya ce, "Malam, ƙirga jifan nake yi. Gwiwar hannun yaro da kafaɗarsa ba su gama ƙosawa ba, in na bar shi don yau, gobe kai za ka kai shi asibiti." Daga baya na bincika na tarar tun shekarar 2007 Little League ta kafa doka a kan haka, ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce jifa 85 a yini, kuma dole ya huta wasu kwanaki gwargwadon yawan abin da ya jefa. A nan na soma gane cewa kome na wasan nan a kan shekaru aka gina shi, da nisan zango, da nisan jifa, da yawansa.

Bana sai ga labari mai daɗi. Mai horaswa ya tara mu ya ce za a yi wata gasa ta yara a wani gari na kudu, za a ɗauki yara daga cikin nasa, an kuwa ce masu zaɓen 'yan wasa za su halarta. Sharaɗi ɗaya ne, yaro kada ya cika shekara 13 kafin wata rana da aka tsayar, kowa kuma ya kawo takardar haihuwa. Yarona ya dawo gida yana tsalle, don kowa ya san shi ne na farko cikin masu jifa. Da dare na buɗe akwati na ɗauko takardarsa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, na duba, na sake dubawa. Ya cika 13 wata uku kafin ranar.

Asabar ta gaba na faɗa wa wani daga cikin iyayen da muke zama tare a gindin bishiya. Mutumin kirki ne, ya sha rage mana hanya a motarsa. Ya ja ni gefe ya ce, "Haba ɗan jarida, kai ma dai da wata magana. Wata uku har wani abu ne? Ka ce takardar ta ɓace, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka ja ranar baya kaɗan. Kafin azahar ka gama. Wa ka cuta?" Ya ce in dubi ofisoshin gwamnati, inda doka ta ce a yi ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, amma ga tsofaffi da furfura har gira suna cewa saura musu shekara goma. Ya ce a ƙwallon ƙafa ma kowa ya san akwai shekarun haihuwa, akwai shekarun ƙwallo.

Zan yi ƙarya in na ce maganar ba ta shige ni ba. Ta shige ni ƙwarai. Na tuna asubancin shekara biyu, da kuɗin mota, da farin wandon da uwarsa ke dirzar jar ƙasa daga jikinsa kowace Lahadi. Ran Litinin, a kan hanyar ofis, har na tsaya wurin masu buga takardu a gindin wata bishiya na tambayi nawa ake yi. Na ji kuɗin, bai kai na motar Asabar ɗaya ba. Arhar abin ita ta fara tsorata ni.

Da na isa ofis na rasa sukuni, sai na shiga tonon tsofaffin labarai, aikin da muka iya ke nan. Cikin shekarar 2001 wata ƙungiyar yara daga unguwar Bronx ta birnin New York ta je gasar Williamsport da wani mai jifa, Danny Almonte, haifaffen Jamhuriyar Dominika, shi ma bahago. Jifansa yana wuce mil 70 a awa, daga nisan ƙafa 46 kacal, har akwai wasan da ya yi ba wanda ya kai ko zango na farko. Amurka duka ta ɗauka da sunansa, ƙungiyarsa ta zo ta uku. Ba a jima ba aka gano an haife shi ne a 1987, ba 1989 da takardarsa ta nuna ba, watau shekararsa 14. Aka soke dukan nasarorin ƙungiyar, aka haramta wa ubansa shiga harkar Little League har abada. An ce yaron ba shi da laifi, manya ne suka yi. Amma yau fiye da shekara ashirin, duk inda aka ambaci wannan abin kunya sunan yaron ake kamawa, na uban kuwa sai an bincika. Sauran yaran ƙungiyar, waɗanda shekarunsu na gaskiya ne, su ma suka tashi a tutar babu.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. A shekarar 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasanmu uku da suka je wasannin Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a gasannin baya, aka kuma ƙwace mana baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, aka kai Fotugal. Daga 2009 aka shigo da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin gane shekaru. Cikin 2016 'yan wasa 26 na ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi wannan gwaji ana gab da karawa da Jamhuriyar Nijar, maƙwabtanmu kuwa suka fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya na 2013 da na 2015.

Amma labarin da ya fi taɓa mini zuciya na Yuganda ne. A 2011 wata ƙungiyar yara daga Kampala ta ci gasar share fage a garin Kutno na ƙasar Poland, ta doke ta Saudiyya, ta sami damar zama ta farko daga Afirka da za ta je Williamsport. Sai Amurka ta hana yaran biza, domin an sami saɓani a takardun haihuwarsu. Waɗanda suka kayar su suka tafi a madadinsu. Sai a shekara ta gaba, 2012, yaran garin Lugazi suka je da takardu tsaf, suka buɗe wa Afirka wannan ƙofa.

A nan ya kamata in yi adalci. Ba duk mai takardar rantsuwa ne maƙaryaci ba, ni kaina da ita nake amfani. A ƙauye aka haife ni, a ɗaki, ba wanda ya rubuta kome. Abin da mahaifiyata ta riƙe shi ne da kaka ne, shekarar da aka ba Katsina jiha, watau 1987. Domin irinmu aka yi takardar rantsuwa, don wanda ba shi da shaida ya faɗi iyakar gaskiyar da ya sani. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a ƙasar nan, amma har yanzu a garuruwa irin namu iyaye da yawa ba sa tunawa da ita sai ran da makaranta ko ofishin fasfo ya tambaya. Abin da aka ce in yi dabam ne: in ɓoye shaidar da nake da ita, in ɗaga hannu in rantse a kan abin da na san ba haka yake ba.

Da dare na kwashe duka na faɗa wa uwargida, ina tsammani za ta ce a yi, tun da ita ta fi kowa ƙorafin kuɗin da aka kashe. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ni dai na san ranar da na haife shi, ban kuwa manta wuyar da na sha ba. In ka canja ta, ran da ya tambaye ka shekarunsa wacce za ka faɗa masa?" Ta kuma tuna mini da abin da ni ɗan jarida na manta, cewa ranar gaskiyar tana cikin rajistar makaranta, tana kuma jikin lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wadda tun 2021 ba a rajistar jarrabawar shiga jami'a sai da ita. Ashe saboda tafiyar mako guda za mu ɗaura wa yaro ranar haihuwa biyu, ya yi ta jan su har tsufansa.

Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar mutumin nan, wai wa na cuta. Na san wanda zan cuta, na san fuskarsa. Akwai wani ɗan siririn yaro a ƙungiyar, mai jifa na biyu, wanda uwarsa ke kawo shi a bayan babur, in aka ɗauki nawa shi za a bari. Akwai kuma yaran da za su tsaya gaban jifan. Na ce mai karatu ya riƙe maganar goriba. Cikin 'yan watannin nan yarona ya yi tsawo, muryarsa ta fara buɗewa, in ya yi jifa ana jin ƙarar safar mai cafka daga bakin titi. Wata uku a takarda ba kome ba ne, amma a jikin yaron da ya soma balaga abu ne da ido ke gani. Wanda za a sa a gabansa kuwa, wataƙila ɗan shekara 10 ne, hular kwanonsa ma ta yi masa yawa.

Ran Alhamis bayan sallar isha'i na kira shi na nuna masa takardar, na ce ba zai tafi ba. Ya dube ta ya ce, "Baba, wata uku ne fa kawai." Na ce na sani. Ya ce akwai waɗanda ya sani sun girme shi, kuma za su. Na ce wannan tsakaninsu da iyayensu ne. Bai yi kuka a gabana ba, ya tashi ya shiga ɗaki, sai da safe na ga safar a bayan tukunyar ruwa inda ya jefar da ita. Kwana huɗu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Kakarsa ta bugo waya daga gida tana faɗa, wai an ce na hana maigidanta tafiya. Da na yi mata bayani ta ce to, ai shi ke nan, dama ita ba ta ga abin da ake nema a wasan da ake yi da hannun hagu ba.

Mai horaswa, da na kai masa takardar, ya karanta ya miƙo mini, bai ce kome a kai ba, sai ya ce daga Asabar mai zuwa yaron ya koma rukunin manya. Ƙungiyar ta tafi da ɗan siririn yaron nan. Ban tambayi takardar kowa ba, ban kuma ga ta kowa ba.

A rukunin manya nisan jifa ƙafa 60 ne da inci 6, maimakon 46 da ya saba. Ranar farko na zauna a gindin bishiya ina kallo, ƙwallonsa yana faɗuwa ƙasa yana tayar da ƙura kafin ya kai ga mai cafka, wanda dā shi ne na farko ya koma na ƙarshe. A mota bai ce uffan ba, sai da muka sauka a Giri ya ce in ara masa ma'aunin wani magini maƙwabcinmu. Yanzu kowace yamma, in na dawo da wuri, mukan je bayan gida inda ya auna ya kafa duwatsu biyu, in tsuguna a kan ɗaya, shi ya tsaya a kan ɗaya. Safa ɗaya gare mu, ta bahago, sai in sa ta a dama in cafke, in tuɓe, in mayar masa da ƙwallon, in sake sawa. Shekaranjiya guda ya kuɓuce wa safar ya same ni a babban yatsa na hagu, har yanzu a kumbure yake, da hannu ɗaya na buga muku wannan rubutu. Cikin jifa talatin da ya yi ran nan, goma sha ɗaya sun iso.